Tashin Ɗan Haya a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni: Wa'adi Kaɗai Ya Isa, Ko Sai da Dalili?

Sanin kowa ne cewa duk wanda ya baro ƙauye ya shigo birnin Kano da niyyar zama, ko don karatu, ko aikin gwamnati, ko neman abin sawa a bakin salati, ko jinyar ɗan'uwa, abu na farko da zai fara cin karo da shi shi ne maganar wurin kwana. Da wuya a sami gida a Rano, ko Sumaila, ko Gwarzo, ko Ɗambatta wanda ba shi da ɗa ko jika da ke zaman haya a cikin birni, kuma sau da yawa kuɗin hayar nan daga ƙauye yake fitowa, bayan an sayar da buhun masara ko an kai akuya kasuwa. Saboda haka batun tashin ɗan haya ya shafi mutanen karkara kamar yadda ya shafi mazauna birni, ya kuma shafi masu unguwanni, dagatai, kansiloli da ma'aikatan ƙananan hukumomi, waɗanda a ƙofarsu ake fara sauke irin wannan rigima.

Mun zaɓi mu dubi lamarin ta fuskar Gyaɗi-Gyaɗi da kewayenta ne domin a nan matsalar ta fi fitowa fili. Ƙaramar Hukumar Tarauni, wadda hedikwatarta ke Unguwa Uku, faɗin ƙasarta bai wuce murabba'in kilomita 28 ba, amma ƙidayar jama'a ta 2006 ta nuna mutum 221,367 ne ke zaune a cikinta, ga shi kuma an yi kusan shekaru ashirin da wannan ƙidaya. A cikinta Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake, wanda aka kafa a 1988, ga tashar mota ta Unguwa Uku, ga titin Zariya da na Maiduguri da na Gidan Zu duk sun ratsa ta ko sun gifta gefenta. Likita da ma'aikaciyar jinya, ɗalibi da direba, mai jinya da ya zo daga Jigawa ko Katsina ko Damagaram, kowa so yake ya sami ɗaki kusa. Inda masu nema suka fi ɗakuna yawa kuwa, mai gida ba ya jin tsoron ɗakinsa ya kwana babu kowa.

Idan ba a manta ba, tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka janye tallafin man fetur, farashin komai ya tashi. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, kuma a watan Disamba na wannan shekara Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Gwamnatin Jihar Kano ta amince da naira 71,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi a ƙarshen 2024, sai dai mafi yawan 'yan haya ba ma'aikatan gwamnati ba ne. Mai gida yana duban abin da zai kashe idan katanga ta faɗi, ɗan haya yana duban abin da ya rage bayan cefane. A irin wannan yanayi ne mai gida kan ga cewa hanya mafi sauƙi ta ƙara kuɗi ita ce ya tashi wanda ke ciki, ya shafa fenti, ya sa sabo a kan ninkin kuɗin da, ko kuma ya fasa ɗakunan waje ya mai da su shaguna, musamman a layukan da ke daura da asibiti, inda kantin magani da ɗakin gwajin jini suka fi iyali kawo kuɗi.

Yadda abin yake faruwa ba baƙo ba ne ga duk mai unguwar da ya daɗe a kan aiki. Dillali zai zo bayan sallar la'asar ya ce, “Malam, Alhaji ya ce a gaya maka yana bukatar gidansa ƙarshen wata.” Babu takarda, babu shaida. Idan wata ya ƙare mutum bai tashi ba, sai a yanke wutar ɗakinsa, a garƙame banɗaki da kwaɗo, wani lokaci a cire ƙofa ko a yaye kwano ana tsakiyar damina. Daga nan sai mutum ya garzaya wurin mai unguwa yana cewa, “Ranka ya daɗe, a taimaka a roƙar mini Alhaji ko da wata biyu ne.” Abin lura a nan shi ne roƙo ya zo yi, alhali kuwa a mafi yawan lokuta abin da yake roƙo bai kai abin da doka ta riga ta ba shi ba. Abin da ya ƙara ba mu mamaki shi ne irin wannan yana faruwa a unguwar da ke da titi guda mai suna titin Kotu, inda kotunan majistare da Babbar Kotun Tarayya suke zama.

To, me dokar ta ce? Tsarin karɓe gida daga hannun ɗan haya a Nijeriya ya samo asali ne daga wata doka ta zamanin Turawa ta 1945, wadda Jihar Arewa ta gada, jihohin da aka ƙirƙiro daga cikinta su ma suka gada, kowace da ɗan gyaran da ta yi. Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce, matuƙar ɓangarorin biyu ba su rubuta wani wa'adi na daban ba, mai biyan haya mako-mako ana ba shi notis na mako guda, mai biyan wata-wata wata guda, mai biyan wata uku-uku wata uku, mai zaman shekara-shekara kuwa wata shida cur. Bayan wannan wa'adi ya cika, idan bai tashi ba, sai a sake ba shi wata takardar ta kwana 7, wadda ke sanar da shi cewa mai gida zai kai ƙara. Daga nan sai kotu ta aika masa da sammaci, ta saurari kowa, ta yanke hukunci. Ko bayan hukuncin ma, ma'aikatan kotu ne kaɗai ke da ikon fitar da kayan mutum, ba mai gida ba, ba dillali ba, ba kuma samarin unguwa ba.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata jama'a su sani. Doka ta bambanta tsakanin wanda ke zaman shekara-shekara ba tare da an yanke ranar fita ba, da wanda ya sa hannu a takardar da ta ce hayarsa ta shekara ɗaya ce tak, daga rana kaza zuwa rana kaza. Na biyun nan ba shi da haƙƙin notis na wata shida, domin tun ranar da ya shiga ya san ranar fitarsa. Takardar kwana 7 kawai ta rage masa kafin kotu. Mutane da yawa kan sa hannu a irin wannan takarda da aka rubuta da Turanci ba tare da an karanta musu ba, sai ranar da rigima ta tashi su ji abin da ke ciki.

Game da fitar da mutum da ƙarfin tuwo kuwa, Kotun Ƙoli ta daɗe da rufe wannan ƙofa. A shari'ar da aka yi tsakanin Gwamnan soja na Jihar Legas da Cif Odumegwu Ojukwu, gwamnati ce da kanta ta tura ɗimbin jami'an tsaro suka fitar da shi daga wani gida a unguwar Ikoyi alhali magana tana gaban kotu. A watan Fabrairu na 1986 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron bukatar gwamnatin, ta kuma yi tir da wannan aiki da kakkausar murya. Idan har gwamna mai mulkin soja bai tsira ba, ina ga mai gida a Darmanawa ko Daurawa? Wanda ya yaye kwano ko ya watsar da kayan ɗan haya, ko da kuwa yana bin sa bashin shekara biyu, ya buɗe wa kansa ƙofar biyan diyya. Haka zalika Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, don haka bashin haya ba dalili ba ne na kai mutum caji ofis a tsare shi.

Sai dai kada ɗan haya ya ɗauka kuskuren takarda zai zame masa mafaka har abada. A 2021, a shari'ar kamfanin Pillars wadda ta shafe fiye da shekaru ashirin tana yawo a kotuna, Mai Shari'a Helen Ogunwumiju ta Kotun Ƙoli ta bayyana cewa shigar da ƙara shi kansa sanarwa ce ga ɗan haya cewa ana son gida, don haka ɗan kuskure a lissafin kwanakin notis bai kamata ya rushe shari'a ba. Lauyoyi sun yi ta muhawara kan iyakar wannan magana, amma alƙiblar a fili take.

Duk wannan da muka zayyana kariya ce ta hanya da lokaci. Tana amsa tambayar yaushe za a tashi mutum da kuma wa zai tashe shi. Tambayar da ba kasafai ake yi ba ita ce, me ya yi? Mutum zai shekara goma sha biyar a gida, bai taɓa jinkirin biya ba, a nan aka haifi 'ya'yansa, a makarantar Islamiyyar layin suke karatu, a masallacin layin ake saninsa, matarsa a nan take da masu sayen ƙosanta, amma takarda mai layi huɗu ta isa ta kawo ƙarshen wannan duka ba tare da an faɗi dalili ba. Wannan ne ya sa ɗan haya ke tsoron ya ce rufi yana yoyo ko shadda ta cika, domin ya san amsar da za ta biyo baya ita ce, in bai yi maka ba ka tashi. A ganinmu a nan gizo yake saƙar.

Wasu ƙasashe sun daɗe da shiga wannan fage. A Jamus, dokar ƙasa ba ta yarda mai gida ya kawo ƙarshen hayar gidan zama ba sai da dalili karɓaɓɓe, kamar saɓa yarjejeniya ko bukatar shi kansa ko iyalinsa su zauna a ciki, kuma an hana tashin mutum don kawai a ƙara kuɗi. A jihar Kalifoniya ta Amurka, dokar 2019 ta ce wanda ya cika wata 12 a gida ba a tashinsa sai da dalilin da doka ta lissafa, idan kuma ba laifinsa ba ne, kamar a ce za a rushe ginin, sai an ba shi kwatankwacin kuɗin hayar wata guda ya nemi wani wuri. Ingila ma, wadda daga gare ta muka gaji tsarin namu, a watan Oktoba na 2025 ta kafa dokar da ta tanadi soke tashin ɗan haya babu dalili, abin da dokarta ta 1988 ta halatta.

A nan gida, Dokar Haya ta Jihar Legas ta 2011, wadda Gwamna Babatunde Fashola ya sa wa hannu, ta jera dalilan da kotu za ta duba kafin ta mayar wa mai gida gidansa, ciki har da bashin haya, saɓa sharaɗi, aikata ɓarna ko abin da ya saɓa wa doka a cikin gidan, damun maƙwabta, lalacewar gini, da bukatar mai gida ya zauna da kansa. Ta ba ɗan haya damar kai ƙara idan ƙarin kuɗi ya wuce hankali, ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya a gaba, ta kuma tanadi tarar da ta kai naira 250,000 ko ɗaurin wata 6 ga wanda ya fitar da ɗan haya da ƙarfi. Amma duk wanda ya san Legas ya san cewa an ci gaba da karɓar kuɗin shekara biyu a ɓoye, domin mai neman ɗaki ba ya kai ƙarar wanda yake roƙo. Darasin da ke nan shi ne doka mai kyau a takarda ba ta haifar da ɗaki ko guda.

Mu a Kano muna da wani tushe da ya girmi duk waɗannan, wanda kuma jama'armu suka fi saurara. Malaman fiƙihun Malikiyya sun yi bayanin haya dalla-dalla a babin ijara. Sun bambanta hayar da aka yanke wa lokaci, wadda ta zama tilas a kan ɓangarorin biyu har lokacin ya cika, da hayar wata-wata wadda ba a yanke wa ƙarshe ba, inda kowa ke iya janyewa, sai fa gwargwadon abin da aka riga aka biya. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta nuna cewa haya ba ta warwarewa don mazaunin gida ya rasu, ta kuma nuna cewa matar da mijinta ya rasu tana da haƙƙin zama a gidan har ta gama takaba idan gidan nasa ne ko ya riga ya biya kuɗin hayarsa. Bugu da ƙari, sayar da gida ba ya rushe hayar da ba ta ƙare ba, kuma a kan wannan fiƙihu da dokar ƙasa bakinsu ɗaya.

Mun tsaya a kan wannan ne domin a nan aka fi cutar marasa ƙarfi. Sau nawa ake samun magidanci ya rasu da sauran wata bakwai a kuɗin da ya biya, amma tun kafin sadakar bakwai an fara aiko wa matarsa cewa ta nemi wuri? Sau nawa mai gida kan rasu, magada su sayar don a raba gado, sabon mai gida ya zo da magina washegari, kamar mutanen da ke ciki ba su biya komai ba? Magada suna da haƙƙin sayarwa, mai saye yana da haƙƙin mallaka, amma ya sayi gida ne da hayar da ke kansa, sai ya jira ta ƙare ko ya sasanta da mutanen ciki su karɓi ragowar kuɗinsu da yardarsu. Limamai da masu unguwanni da ake kira zaman rabon gado su ne suka fi kowa damar faɗin wannan tun kafin a karɓi kuɗin ciniki.

Ba za mu yi adalci ba idan muka nuna kamar duk laifin na masu gidaje ne. Masu iya magana sun ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da yawa daga masu gidajen haya a Tarauni ba attajirai ba ne. Akwai tsohon ma'aikacin da ya zuba kuɗin sallamarsa ya gina ɗaki huɗu, akwai gwauruwar da ɗakuna biyun nan su ne abincin marayunta. Idan ɗan haya ya shekara bai biya ba, ya kuma laƙanci yadda ake jan shari'a da neman ɗage zama, to wannan baiwar Allah ita ce za ta kwana da yunwa. Jinkirin kotu yana daga cikin abin da ke tura masu gidaje ga kwaɗo da yaye kwano, yana kuma sa su dage sai an biya shekara guda ko biyu a gaba. Duk gyaran da zai ɗaure hannun mai gida ba tare da ya gaggauta masa shari'a a kan wanda ya ƙi biya ba, ƙarshensa mutane su daina gina gidajen haya, ko su riƙa tankaɗe masu nema, su ƙi mai iyali da yawa, su ƙi matar da ba ta da miji, su ƙi baƙon da ba shi da wanda zai tsaya masa.

Sha'anin haya yana hannun jihohi ne, don haka Majalisar Dokokin Jiha ke da hurumin duba shi. Sashe na 16 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati manufar samar da matsuguni mai kyau ga 'yan ƙasa, ko da yake yana cikin babin da ba a kai ƙara a kansa. A ra'ayinmu, abin da ya cancanci a tattauna a zaman jin ra'ayin jama'a shi ne a wajabta rubuta dalili a cikin takardar notis ga wanda ya daɗe a gida yana biya, ta yadda idan mai gida ya ce ɗansa zai yi aure ya zauna, sai kuma aka ga ya sa baƙo a kan sabon farashi, wanda aka tasa yana da abin riƙewa. A haɗa wannan da gajeren lokaci na yanke hukunci a kan bashin haya da ba a musanta ba, da kuma sa ido a kan dillalai, waɗanda la'adarsu ke ƙaruwa duk lokacin da aka sauya ɗan haya, don haka tashin mutane riba ce a gare su.

Kafin a kai ga haka, akwai abin da shugabanni na kusa da jama'a za su iya yi tun yau. Mai unguwa ko dagaci ba alƙali ba ne, ba shi da ikon ba da umarnin a fitar da kayan kowa, kuma bai kamata ya bari a yi amfani da sunansa ko 'yan sintirin unguwa wajen yin haka ba. Aikinsa sulhu ne, kuma sulhun zai fi ƙarko idan ya san abin da doka ta ba kowane ɓangare kafin ya ce a yi haƙuri, sannan a rubuta abin da aka amince a kai, kowa ya sa hannu. Idan abin ya gagara, akwai cibiyar sasanci da ke ƙarƙashin Babbar Kotun Jiha wadda aka buɗe a 2009, akwai kotunan ƙananan basussuka da aka fara a Kano a 2019 inda mai gida zai iya bin kuɗinsa ba tare da doguwar shari'a ba, akwai Hukumar Hisba da ke sasanta jama'a, ga kuma Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi ta Ƙasa domin wanda ba shi da halin ɗaukar lauya.

Ga 'yan'uwanmu na karkara masu turo 'ya'yansu birni kuwa, muna jan hankali cewa kada a miƙa kuɗi ga dillali sai an ga mai gidan ko wakilinsa na gaskiya. A karɓi rasit mai ɗauke da sunan mai gida, adadin kuɗi, da ranar da haya ta fara da ranar da za ta ƙare. Idan ta banki aka tura, a adana shaidar. Ma'aikata su sani cewa sabuwar Dokar Haraji da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2025 ta tanadi cire kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayar shekara, har zuwa naira 500,000, daga abin da za a yanka wa haraji, kuma mai neman wannan rangwame sai ya iya nuna abin da ya biya. Takardar yarjejeniya ba sai da Turanci ba. Ana iya rubuta ta da Hausa, da boko ko da ajami, a faɗi wanda gyaran rufi da kwashe shadda ke kansa, a faɗi wa'adin da za a bayar kafin ƙarin kuɗi ko tashi, shaidu biyu su sa hannu, kowane ɓangare ya riƙe kwafinsa, a kuma ajiye na uku a wurin mai unguwa.